Ya Auna Yatsun Walida, Ya Ce In Bar Maganin Riƙe Ciki

Assalamu alaikum Anti Nafisat,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada wasiƙata ta bi layi, domin maganin da zan yi miki magana a kansa ya kusa ƙarewa, ni kuma har yanzu ban san ko zan sayi wani ba. Na daɗe ina karanta filin nan, in ga matsalolin mutane in ce Allah ya kyauta in juya shafi. Ban taɓa zaton tawa za ta zo ta kan 'yan yatsu ba. Ki yi haƙuri da tsawon bayanin, ban iya taƙaita magana ba, ko a ofis an san ni da haka.

Ni matar aure ce, muna zaune a Badarawa. Ina aikin gwamnati, ɓangaren buga takardu. Maigidana ma'aikacin safiyo ne, masu awon filaye, kuma tun kafin in yi nisa bari in gaya miki ba mugun mutum ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, cefane bai taɓa gagarar mu ba. Halinsa ɗaya ne: duk abin da aka ce masa an auna, to a wurinsa magana ta ƙare. Labule ma in za a ɗinka mana, sai ya bi bayan tela da tef ɗinsa ya sake auna tagar.

'Yarmu ɗaya ce, tana aji huɗu na firamare. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa muke kiranta Walida. Kafin in same ta na yi ɓari sau biyu. Na biyun ya yi girman da sai da aka yi masa sutura, kuma maigidana da kansa ya ɗauka ya kai makwanci. Da na sami cikin Walida na fara ganin jini, sai likita ta ɗora ni a kan maganin riƙe ciki, allura da na matsi, har watannin farko suka wuce. Allah ya sa cikin ya zauna. Bayan ita aka yi shiru na shekaru, sai wani ya shiga ya fita tun ban gama tabbatar da shi ba. Yanzu ga ni da wani, bai cika wata uku ba, jinin ya sake nunawa, likita ta sake rubuta mini irin wancan maganin. Shi nake kai yanzu.

To ga inda matsalar take. Walida ba ta ƙoƙari a boko. Ba zan ɓoye miki ba, daga ƙarshen aji ake fara ƙirgo ta. Mun canza mata makaranta, mun ɗauko malamin lesin, mun hana kallon talabijin, duk dai kanwar ja ce. Ƙorafin malamai iri ɗaya ne a tsohuwar makarantar da sabuwar: ba ta gama kwafar rubutun allo kafin a goge, ranar jarrabawa rabin takardarta fari take mayarwa, ga rubutun kamar kaza ta yi tono. Tana danna fensir har ya karye ko takardar ta huje. In aka zaunar da ita aikin gida, layi kaɗan za ta yi ta fara yarfe hannu wai ya gaji, babanta ya ce lalaci ne kawai. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne a Islamiyya ba haka take ba. A hadda ta wuce sa'o'inta, malaminsu har gaba yake fito da ita. Ni ma in ina girki na jefa mata lissafi da baki, kafin in juya miya ta ba ni amsa. Amma a miƙa mata takarda, shi ke nan an kashe bakin tsanya.

Ana cikin haka wani abokin aikinsa, Malam Ila, ya turo masa wani bidiyo a waya. Allah ya yafe wa Malam Ila, ni dai har yanzu ban kai ga yafewa ba. A bidiyon wani mutum ne da farar riga yake bayanin cewa masana sun gano tsawon yatsun mutum yana nuna irin sinadarin da ya jiƙa shi tun yana cikin uwa, abin da suke kira homon. Wai a kwatanta manuni, yatsan da muke ɗagawa a tahiya, da yatsan zobe. In na zobe ya fi tsawo, sinadarin maza ne ya yi yawa, irin waɗannan su ne masu kan lissafi da kimiyya. In manuni ya kamo shi ko ya wuce shi, na mata ne ya rinjaya, wai sai a hankali.

Ranar Asabar da safe ya fito da rular ƙarfe daga jakar aikinsa ya kira Walida. Ita a zatonta wasa ne, har da dariyarta. Ta miƙa masa hannun hagu, ya mayar mata ya ce na dama aka ce a bidiyon. Ya shimfiɗa hannun a kan tebur, ya auna, ya sake aunawa, ya kai shi bakin taga wajen haske ya ƙara. Manuninta ya ɗan ɗara na zoben, da abin da ni idona ma bai gani ba. Ya auna nasa, na zoben ya fi tsawo, kuma dama shi an san shi da lissafi tun yana sakandare. Ya auna nawa, irin na Walida ne. Ya san da ƙyar na tsallake lissafi a jarrabawar fita, ni ma na san ya tuna.

Daga nan fa abin ya zama sana'a. 'Ya'yan maƙwabta, masu kawo mana ruwa, har mai gyaran wuta bai tsira ba. Muka je suna gidansu a Hayin Banki, ina cikin mata sai na hango shi a zaure ya jera 'ya'yan 'yan'uwansa kamar masu karɓar rigakafi. Hamza ɗan yayansa, wanda ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu, yatsan zobensa dogo ne, sai ya ce to kun gani. Mubarak ƙanin Hamza nasa ya ma fi tsawo, alhali shi ko karatun agogo bai iya ba, sai ya ce ai wannan ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali. Na lura duk wanda yatsansa ya dace da maganar hujja ne, wanda bai dace ba kuma akwai dalili. Na faɗa masa haka a hanyar dawowa, ya ce ban fahimci yadda bincike yake ba.

Da abin ya tsaya nan da na bar shi da rularsa, maza kowa da irin abin da ke ɗauke masa kewa. Sai ya je sayo mini magani ya tambayi mai kemis ko wane iri ne. Mai kemis ya ce masa sinadarin mata ne. Anti, tun daga bakin ƙofa na ga fuskarsa na san an gama haɗa lissafi. A wurinsa maganin da na sha da cikin Walida shi ya cika ta da sinadarin mata, shi ya tsawaita manunin, shi ya dakushe mata ƙwaƙwalwa. Ga shi kuma ina sake shan sa da wani cikin.

Gaskiya bai ce ya hana ni ba. Da ya hana ni da tsawa da ya fi mini sauƙi, da na san da wa nake faɗa. Zama ya yi a bakin gado ya ce mun cuci yarinya ɗaya cikin rashin sani, Allah zai yafe mana, amma in muka cuci na biyu da saninmu me za mu ce. Ya ce Allah ne ke riƙe ciki ba allura ba, wanda aka rubuta zai zauna zai zauna. Ya ce in yi tunani. Tun ranar bai sake biyawa kemis ba, ni kuma ina kallon kwalin yana raguwa. Na ce mu je wurin likitar tare ya yi mata tambayoyinsa, ya ce wane likita ne zai yarda maganin da ya rubuta da hannunsa yana da illa. Ni kaina da na je awo na yi niyyar tambaya, amma ga layi har waje, ga likitar tana sauri, sai na ji kunyar buɗe baki in ce mata na zo da maganar yatsu. Ranar komawata kuma da sauran nisa, maganin zai riga ta ƙarewa.

Hajiya mahaifiyarsa ta ji labarin, ta ce su dai a zamaninsu ba allura suka haihu, amma ba ta sa baki fiye da haka ba. Ba na son ki ɗauka tana da laifi, domin ba wanda ya kai ta son yarinyar nan, takwararta ce. A hannunta Walida ta yi wayo, kullum can nake ajiye ta in tafi aiki. Ba wanda zai ce yarinyar ta rasa tarbiyya. Da ta taso da son yin komai da hagu, Hajiya ce ta tsaya a kanta, har safa take sa mata a hannun ta ɗaure, wani lokacin ta tsula mata ɗan tsinken tsintsiya, har Allah ya sa ta koma ci da rubutu da dama kafin ta shiga aji ɗaya. Mu ma mun taya da namu faɗan, malamai ma sun taya. Ina kawo wannan ne don ki san an yi iya ƙoƙari a kanta ta kowane ɓangare.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani shekaranjiya. Na shiga ɗaki na tarar da Walida ta kama yatsan zobenta tana ja da ƙarfi har yana ƙara. Na tambaye ta, ta ce so take ya yi tsawo irin na Hamza. Ashe duk abin da ake yi tana ji. Yanzu in baƙi suka zo cikin hijabi take cusa hannuwanta. Da can duk kwalin da ta samu sai ta cika shi da zanen lalle, masu kyau ƙwarai, har maƙwabciyata mai ƙunshi ta taɓa ɗaukar ɗaya a waya. Da hagu take yin su, abin da ya rage mata na tsohon halin ke nan, muka ƙyale tunda wasa ne. Yanzu ko wannan ta daina.

Ni kuma ga ni nan. Ba kuka nake yi ba, na wuce wurin. Sai dai na tsinci kaina ina leƙen hannun mutane, a cikin keke, a ofis, a layin asibiti. Shugabar sashenmu ta miƙo mini takarda na tsaya kallon yatsunta har ta tambaye ni lafiya. Wata rana in ce maganar banza ce, wata rana in ce to in gaskiya ce fa? Ina iya sayen maganin da kaina in ɓoye, ba gagara ta zai yi ba, amma ban taɓa ɓoye masa komai ba, kuma in yaron ya zo bai yi ƙoƙari ba na san irin kallon da zan sha har in mutu. In kuma na bari cikin ya zube, wallahi ban ga ranar da zan yafe masa ba, ko kaina.

Anti, maganar yatsun nan gaskiya ce? Ni na jawo wa 'yata? In ci gaba da maganin ko in bari?

Taki,
Mai jiran amsa daga Badarawa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa,

Wasiƙarki ta tsallake layi, don haka zan fara da abin da ba ya jira. Kada ki daina maganin, kada ki rage shi, sai in likitar da ta rubuta shi ce ta ce ki yi haka. Kada kuma ki jira ranar awo. Ki koma asibiti cikin makon nan, ki gaya wa ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa cewa kina da ƙaramin ciki, kin ga jini, maganinki ya kusa ƙarewa. In jinin ya ƙaru ko mara ta murɗa, a ranar za ki tafi. Kunyar nan da kika ji ki ajiye ta a gida, likitocin mata sun ji tambayoyin da suka fi wannan ban mamaki.

Ni ba likita ba ce. Na cire sunaye na karanta wa wata likitar mata wasiƙarki, na kuma bi abin da aka rubuta a kan maganar gwargwadon fahimtata. Maigidanki bai ƙirƙiro ta ba, wannan hakkinsa ne a faɗa. Masana sun daɗe suna auna yatsun nan biyu. In aka tara mutane da yawa aka fitar da matsakaici, na maza yakan ɗan bambanta da na mata, kuma akwai masu ganin sinadaran cikin mahaifa suna da hannu a ciki. Iya nan maganar take da ƙafa. Bambancin ɗan mitsitsi ne, mata da yawa suna da irin yatsun da ake cewa na maza, maza da yawa suna da irin na mata, kuma abin yana sauyawa daga wata al'umma zuwa wata. Hatta masanan ba su gama yarda da juna ba a kan ko yatsun ma'auni ne mai kyau na abin da ya faru a ciki.

Da aka zo kan karatu kuwa, sai maganar ta watse. Wani binciken ya ga 'yar alaƙa, wani ya ga akasinta, wani bai ga komai ba. Inda aka gani ma ba ta kai a ɗora wa yaro ɗaya hukunci da ita ba. Ban ci karo da mai bincike na kirki da ya ce a kama hannun yarinya a faɗi matsayinta a aji ba, mai farar rigar bidiyo ne ya ƙara wannan. Maigidanki ya fi ni sanin cewa ko ya haddace matsakaicin girman filayen Badarawa, ba zai sa hannu a takardar filin mutum ba sai ya je ya taka shi. Mubarak ba ƙwallo ce ta ɓata lissafin ba, dama lissafin bai tsaya ba. Ni ma na ɗauko rula don in ga abin da ido: hannuna na dama ya ce ni gwanar lissafi ce, na hagu ya ƙaryata shi.

Sai maganin. Mai kemis bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Likitar ta ce mini maganin da aka saba bayarwa a irin halinki sinadari ne da jikin mace mai ciki yake yi da kansa, da yawa ma, don mahaifa ta riƙe abin da ke cikinta, kuma ba shi ne wanda masu awon yatsu suka fi magana a kai ba. Ta ce a iya saninta, bibiyar da aka yi wa yaran da iyayensu suka sha shi ba ta nuna yana rage musu kaifin karatu ba. Ta kuma ce in gaya miki gaskiya: maganin ba alkawari ba ne, yana ƙara wa wasu mata dama ne, musamman masu tarihin ɓari da suka ga jini, irinki. Wadda ta duba ki ita ta san nau'in da ta ba ki da lokacin da za ki tsaya. Cewa Allah ke riƙe ciki gaskiya ne, ba mai ja. Shi ne kuma ya hore mana neman magani, kuma na tabbata maigidanki ba ya barin zazzaɓi ya ce wanda aka rubuta zai warke zai warke.

Ban goyi bayan ɓoyewa ba. Ki saya, amma ki gaya masa kin saya, cikin ladabi, ba da neman faɗa ba. Ki ce masa ba za ki tsayar da abin da likita ta fara ba sai likita ta ce, kuma kina roƙonsa ya raka ki. Tunda yana zargin wadda ta rubuta ba za ta faɗi laifin maganinta ba, ki ba shi zaɓi ya nemo wani likitan mata da kansa, wanda bai san ku ba, ya tafi da bidiyon a wayarsa ya yi duk tambayar da ke ransa. Kada ki yi masa dariya a kan rular, ko da yake na san da wuya. Mutumin da ya ɗauki ɗansa a hannu ya kai makwanci ba ya mantawa. Ga 'yar da ta rayu tana shan wahala a gabansa, ya rasa dalili, sai aka miƙo masa dalilin da ake iya aunawa, irin wanda ya saba da shi. Tsoro ne ke damunsa, sai dai tsoron nasa yana neman jefa ki cikin hatsarin da ya fi wanda yake gudu. In ya ƙi ji daga bakinki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa a cikin 'yan'uwansa.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki da kanki, domin ina jin kin rubuto amsar ba ki lura ba. Yarinya tana gaba a hadda. Tana ba ki amsar lissafi kafin ki juya miya. Tana zanen da mai sana'ar ƙunshi ta ga ya isa ɗauka. Wannan ba dakusasshiyar ƙwaƙwalwa ba ce. Duk ƙorafin malamanta a wuri ɗaya ya taru: rubutu. Ba ta gamawa, tana danna fensir, hannu yana gajiya. Sannan can ƙasa, a matsayin yabon Hajiya, kika ce an ɗaure mata hagu da safa har ta koma dama. 'Yar'uwa, ina kyautata zaton Walida bahaguwa ce da ake sa ta rubutu da hannun da ba nata ba. Ki ɗauki biro da hagunki ki kwafi shafi ɗaya ana tsaye a kanki ana cewa ki yi sauri, za ki ji abin da take ji kullum tun aji ɗaya. Ranar da babanta ya fito da rula, hannun da ta fara miƙa masa shi ne ya kamata ya tsaya a kai, sai ya mayar mata da shi.

Zato nake yi daga nesa, ban ga yarinyar ba, kuma ba kowane bahagon da aka juya ne ke shan wannan wahalar ba. Don haka a gwada, kada a yanke. Ki ajiye fensir da takarda a tsakiyar tebur, ki ce ta rubuta abin da ta ga dama da hannun da ta ga dama, ki fita ki ba ta wuri. Kada ki sa ran abin mamaki a ranar farko, shekaru aka yi ana horar da daman, hagun zai buƙaci lokaci, mai yiwuwa ma ita da kanta ta zaɓi ci gaba da daman. Abin da ake so shi ne a daina tilastawa ta kowane ɓangare. Ki sami malamin ajinsu ki yi masa bayani, ki roƙa ya riƙa yi mata wasu tambayoyin da baki, ya ƙara mata lokacin kwafa. A duba mata ido da kunne, a kuma gaya wa likitan yara maganar rubutun, domin akwai yaran da rubutu ke ba wahala ko da wane hannu.

Hajiya ba ta yi don mugunta ba. Haka aka yi wa da yawa daga cikinmu, don gudun kada a yi wa yarinya gori a gidan wani. Ci da sha da gaisawa da miƙa abu da dama ladabi ne da addini ya koyar, a bar Walida a kansu. Rubutu kuwa ban san wani hani a kansa ba, amma ku tambayi malamin da gidanku ya yarda da shi don hankalin kowa ya kwanta. Kuma maigidanki ne zai kai wa Hajiya maganar, ba ke ba.

Abu na ƙarshe yana wuyan babanta, kuma kada ya wuce makon nan. Shi ya auna hannun a gabanta, shi zai zaunar da ita ya ce mata ya yi kuskure, yatsunta lafiyarsu ƙalau, ba kuma su ke ba mutum na ɗaya a aji ba. Yarinyar da ta kai ga jan yatsanta har yana ƙara ba za ta ji wannan daga bakinki ya wadatar ba. Ya sayo mata kwali da biro mai launi ya ce ta zana masa lalle, ya zauna ya kalli hannun yana aiki. In mai son hujja ne, a nan zai ganta.

Ba ke kika jawo wa 'yarki ba. Kin sha magani ne don ta rayu, ga ta nan kuma tana hadda. Ki yi wa na cikin abin da kika yi mata. Allah ya zaunar da shi, ya raba ku lafiya, ya buɗa wa Walida karatu, ya sanyaya zuciyar babanta. Ranar da ungozoma ta miƙo muku jaririn, ku ƙirga yatsun, in sun cika ku yi hamdala, rular kuma ta koma jakar aiki.

Taku,
Anti Nafisat